Abin da musun majalisa ya jawo mini

Ƙannena masu tasowa, akwai wani irin ilimi da ba a ba da takardar shaida a kansa, amma kowa yana so a ce yana da shi: babban birnin ƙasa kaza, wa ya ɗauki kofi a shekara kaza, wane sarki ne ya gaji wane, wane mawaƙi ne ya riga wane. Ni na taso ina ji da kaina a wannan fanni. A makaranta ni ake turawa gasar kacici-kacici, a unguwa kuma in musu ya yi zafi a teburin mai shayi sai a ce a jira in zo in raba gardama. Wannan girman da aka ɗora mini shi ya lalata ni, don na koma tara amsoshi kawai. Ban damu da inda suka fito ba, ban kuma waiwaye su in ga ko har yanzu suna nan yadda na bar su ba.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne labarin wasan Najeriya da Indiya. Na san da yawanku kun ji shi. Wai Indiya ta zura mana ƙwallo 99, mu kuma muka rama ɗaya tak. Wai in ɗan wasanmu ya zo bugawa sai ƙwallon ta rikiɗa ta zama zaki, wasu su ce dutse, wasu su ce tukunyar wuta. Wai wanda ya yi ta maza ya buga ɗayar nan a ranar ya mutu, daga nan FIFA ta kori Indiya daga harkar ƙwallo saboda tsafi. Na sha tara yara a ƙofar gida ina ba su wannan labari, har da rantsuwa, har da kwatanta yadda zakin ya buɗe baki. To, ba a taɓa buga wannan wasa ba, labarin ƙanzon kurege ne. Abin da ya sa ya zauna daram shi ne an ɗinka shi da ɓarɓashin gaskiya. Akwai ɗan wasanmu da ya faɗi a fili ya rasu, Samuel Okwaraji, ranar 12 ga Agusta 1989 a babban filin wasa na Legas, amma da Angola ake karawa, a wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya ta 1990, kuma zuciyarsa ce ta buga. Indiya kuwa ta taɓa samun gurbi a gasar 1950 a Brazil, ita ce ta janye da kanta. Ba wanda ya kore ta saboda tsafi, hasali ma a ƙasarta aka yi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2017. Ragowar kuma aikin finafinan Indiya ne da muka taso muna kallo a silima, inda maciji ke komawa mace a gaban idonka. Wanda ya sha kallon wannan, me zai hana shi yarda ƙwallo ta zama zaki?

Da na yi wa labarin tambaya uku tun farko da na huta: a wace shekara, a wane fili, a wace gasa? Duk mai ba da shi a nan yake tsayawa cak. Ku riƙe waɗannan tambayoyi, suna aiki a kan rabin abin da ake turo muku a WhatsApp.

Wani kuskuren kuma ba daga ƙarya ya fito ba, gaskiya ce ta tsufa a hannuna. 'Yar yayana ta zo da aikin gida, ana tambayar wace ƙasa ce ta fi girman ƙasa a Afirka. Ko ɗaga kai ban yi ba na ce Sudan, don haka na haddace, kuma da wannan amsar na taɓa cin maki. Bayan kwana biyu ta dawo ta shimfiɗa mini littafin a cinya, ga jan biro an ratsa amsar, malamin ya rubuta Aljeriya a gefe. Ba ta ce mini komai ba, kallona kawai ta yi, kuma wannan kallon ya fi zagi ciwo. Abin takaicin, na san Sudan ta Kudu ta ɓalle ranar 9 ga Yuli 2011, da kunnena na ji a rediyo. Amma ban taɓa haɗa wannan labari da tsohuwar amsata ba. Daga ranar da aka raba ƙasar, Aljeriya ta hau ta ɗaya, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta biyu, Sudan ta koma ta uku.

Don haka duk amsar da za ku ajiye a ka, ku ajiye ta da shekararta. A ce "jihohin Najeriya 36 ne" rabin sani ne. Gowon ya yi 12 a 1967, Murtala ya mai da su 19 a 1976, Babangida ya kai su 21 a 1987 sannan 30 a 1991, Abacha ya cika 36 a 1996. Wanda ya san wannan jerin ba zai yi mamaki ba in ya ga takardar haihuwar mahaifinsa ɗan Daura an rubuta Jihar Kaduna, ko ta ɗan Haɗeja an rubuta Jihar Kano, tunda Katsina sai 1987 aka yi ta, Jigawa kuwa 1991.

Abin da na fi jimawa ban gane ba shi ne waɗannan fannoni ba a rabe suke ba. Na haddace cewa Najeriya ta ɗauki kofin Afirka a 1980 da 1994 da 2013. Na haddace zinaren ƙwallon ƙafa da muka ci a gasar Olympics ta Atlanta a 1996, an doke Brazil 4-3, Kanu ya ci biyun ƙarshe, sannan aka doke Ajantina 3-2. Wata rana wani dattijo a majalisa, wanda bai fiye magana ba, ya ce mini, "To malam masani, waccan tawaga da ta fi kowa ƙarfi a Afirka, me ya sa ba ta kare kofinta a 1996 ba?" Na fara ƙirƙirar amsa, wai an fitar da mu a zagayen farko. Aka yi mini dariya har da masu riƙe ciki. Ashe ko zuwa ba mu yi ba. A Afirka ta Kudu aka yi gasar, ga shi dangantaka ta yi tsami tsakanin gwamnatin Abacha da ta Mandela bayan gwamnatin Abacha ta rataye ɗan fafutuka Ken Saro-Wiwa da abokansa a Nuwamba 1995. Najeriya ta janye, hukumar ƙwallon Afirka ta hana ta shiga ta 1998 ma. Gasa biyu suka wuce ta a daidai lokacin da 'yan wasanta ke kan ganiyarsu. Amsar tambayar ƙwallo tana cikin tarihin siyasa, ni kuwa na ware su kowanne da akwatinsa.

Haka Abuja. Kowane yaro ya san ita ce babban birni, masu ƙoƙari su ƙara da cewa an yanke shawarar a 1976, aka tare a Disamba 1991. Amma in ka bi sawun sunan sai ya kai ka jihadin Shehu Usmanu. Sarakunan Haɓe na Zazzau da aka kora daga Zariya kudu suka yi, a can suka kafa garin Abuja na asali. Da gwamnati ta ɗauki sunan ta ba sabon birni, sai tsohon garin ya koma Suleja, kuma har gobe sarkinsa Sarkin Zazzau ake ce masa. Wanda ya san wannan ba ya mantawa, don labari ne mai kai da ƙafa, ba haddar da ke zubewa bayan jarrabawa ba.

Akwai kuma wani abin da nake jin nauyinsa in na tuna. Akwai lokacin da zan iya jero muku 'yan wasan manyan ƙungiyoyin Ingila da Sifaniya har da 'yan benci, da kuɗin da aka sayi kowa, amma ban san Zungeru ce hedkwatar Arewa kafin a koma Kaduna a 1917 ba. Ban san Damagaram ce babban birnin Nijar kafin Faransawa su mai da shi Yamai a 1926 ba, sai da wani abokin kasuwanci ɗan can ya faɗa mini, yana mamakin yadda maƙwabci zai rasa sanin wannan. Na ɗauka Shehu ne ya gina Sakkwato ya zauna a fada, alhali ɗansa Muhammadu Bello ne ya kafa ta a 1809, Shehu kuwa yana Sifawa sai 1815 ya komo, ya rasu a 1817. Ba na ce ku daina kallon ƙwallon Turai ba, ni ma har yanzu ba na barin babban wasa ya wuce ni. Sai dai labarin Landan da Madrid ko kun ƙi zai zo ya same ku a waya, na Gobir da Katsina da Borno kuwa sai kun tashi kun nema. Wani ma yana bakin kakanninku, kuma ba za su dawwama ba. Waƙoƙin fada da na makaɗa irin su Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, cike suke da sunayen garuruwa da sarakuna da attajirai. Ni na yi shekaru ina jin daɗin kiɗan, ban taɓa tsayawa na tambayi su wane ne ake ambata ba.

Ku kuma nemi taswira ku riƙa kallonta, amma da wayo. Irin wadda aka fi liƙawa a bangon aji tana kumbura ƙasashen da ke can ƙuryar arewa, har ka ga tsibirin Girinlan ya kusa kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Na taɓa yin musu har da cin alwashi cewa Najeriya ta fi Nijar faɗi, don kawai mun fi su yawan jama'a da ƙarfin kasuwa. Najeriya murabba'in kilomita 923,768 ce, Nijar 1,267,000, Chadi ma ta ɗara Nijar kaɗan. Kogin da muke kira Kwara kuma ba a nan ya faro ba, daga tsaunukan Gini ya taso, ya yi arewa ya ratsa Mali har kusa da Tumbuktu, ya karyo ta Yamai, sannan ya shigo mana ya haɗu da Binuwai a Lakwaja. In ka bi shi da yatsa a taswira sau ɗaya, ka gane dalilin da ya sa manyan dauloli irin su Mali da Songhai suka tashi a bakinsa.

Game da musun kansa, gajeriyar magana ce. Na ci gardama da yawa ba don ina da gaskiya ba, sai don na fi abokin musuna ɗaga murya da jefa lambobi. In ka ambaci shekara da ƙarfi mutane sukan yi shiru, ko da ƙirƙirarta ka yi. Akwai abokin da ya daina zama inda nake saboda na kunyata shi a gaban jama'a kan babban birnin Ostareliya. Na yi daidai, Canberra ce ba Sydney ba, amma har yau gaisuwarmu ba ta wuce ta ɗaga hannu daga nesa. Yanzu da kowa ke da waya a aljihu, in kuka yi saɓani ku duba tare, kuma ku duba wuri fiye da ɗaya, don intanet ma cike take da irin labarin zakin nan.

Manyan biranen ma da muke alfahari da haddace su ba a tsaye suke ba. Kwaddibuwa ta ayyana Yamoussoukro tun 1983 duk da Abidjan ce ke da hada-hada. Burundi ta mai da nata Gitega a 2019. Kazakistan ta sauya wa Astana suna zuwa Nur-Sultan a 2019, ta sake mai da shi Astana a 2022, wato wanda ya gyara littafinsa sai da ya sake gyarawa. Indunusiya kuma ta yi doka a 2022 kan gina sabon babban birni mai suna Nusantara a tsibirin Borneo, don Jakarta ta cika maƙil kuma wasu sassanta suna nutsewa. Masu shirin gasar kacici-kacici ta baɗi, ku sake duba wannan kafin ku shiga.