Me Kake Yi a Nan?

Ƙarfe ɗaya da rabi na dare aka ƙwanƙwasa mana ƙofa, ni kuwa ko runtsawa ban yi ba. Wuni guda muka yi a mota daga Alƙahira. Muka bi ta ramin da aka haƙa ƙarƙashin mashigin Suwez, muka ɓullo a Sina'i, muka yi ta bin gaɓar teku ta kudu, har hanya ta karkata ta shige cikin duwatsu jajaye masu tsayi. Da muka isa ƙauyen Sant Katrin duhu ya riga ya rufa, kowa ya nemi makwanci. Ni dai na kwanta ne ina kallon rufin ɗaki, ina ta shirya abin da zan faɗa wa Allah idan na kai ƙololuwar Dutsen Sina'i.

Gara in faɗi abin da ya kawo ni tun yanzu. Shekara 19 ina koyarwa a makarantar Lahadi. In aka ce a yi addu'ar buɗewa, ni ake kallo. Amma kusan shekara uku ke nan addu'ata ta zama kamar sallama a ƙofar gidan da ka san da mutane a ciki, kana jin motsinsu, ba wanda ya amsa. Bangaskiyata ba ta tafi ko'ina ba. Na san Allah yana nan, kamar yadda na san akwai sarki a fada. Abin da nake ƙishi shi ne abin da aka rubuta game da Musa a Fitowa 33 cikin Littafi Mai Tsarki, cewa Ubangiji yakan yi magana da shi fuska da fuska, yadda mutum ke magana da abokinsa. Na koya wa yara wannan aya sau ba adadi, kuma duk lokacin da na karanta ta sai in ji wani abu kamar kishi ya soke ni. Shi ne na ce zuwa da kai ya fi saƙo, bari in je inda aka yi wannan magana.

Ba a hawan dutsen sai da ɗan jagora daga ƙabilar Jabaliya, Larabawan da suka daɗe suna zaune a gindinsa suna yi wa sufayen Kirista na gidan ibadar da ke wurin hidima. Namu saurayi ne siriri, ya naɗe kai da rawani, ƙafarsa silifa kawai, alhali mu mun sha takalma da rigunan sanyi kamar masu zuwa yaƙi. Hanya biyu ce. Akwai ta raƙuma, wadda ke zagaye a hankali, aka share ta a ƙarni na 19 zamanin Abbas Pasha mai mulkin Masar. Akwai kuma ta matakalar duwatsu 3,750 da sufaye suka jera da hannu, ana kiranta Matakalar Tuba. Da dare ta raƙuma ake bi. Dutsen, wanda mutanen wurin ke kira Jabal Musa, tsayinsa mita 2,285 ne. Masana ba su haɗu a kan cewa shi ne ainihin dutsen da ke cikin Fitowa ba, amma tun ƙarni na 4 Kirista ke hawansa da wannan niyya. Wata baiwar Allah mai suna Egeria ta hau shi wajen shekara ta 383, ta rubuta wa 'yan'uwanta mata labarin wahalar da ta sha.

Ba mu yi rabin awa ba tocilata ta mutu. Na bubbuga ta a tafin hannu, ta yi ɗan ja, ta ɗauke. Dole na manne wa raƙumin wani dattijo da ke cikin ayarinmu, don yaron da ke jan akalar yana da fitila. Dattijon ya haura saba'in, kowa Baba yake ce masa. Tun a mota na lura ba ya cikin masu yawan wa'azi. Ina tafe a gefen raƙumin sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa. Na ɗauka da ni yake.

Na ce, "Na'am, Baba?"

Ya ce, "A'a ɗana, ba da kai nake ba."

Na yi shiru na kasa kunne, abin da bai kamata in yi ba. Cewa yake, "To Ubangiji, ga bayan nan ya fara. Ka dai san ban taɓa hawan wannan dabba ba." Can an jima ya ɗaga kai ya ce, "Kai, taurarin nan! Ka yi aiki." Babu "Ya Uba Maɗaukaki", babu jerin kirari, babu "amin". Hira ce kawai irin ta tsofaffin abokai, wadda ake yankewa a ci gaba ba tare da an sake gaisawa ba. Da farko abin ya ɗan ba ni haushi, na ce a raina wannan ai raini ne. Daga baya na gane haushin da nake ji irin na wanda yake tsaye a waje ne yana jin dariya daga cikin ɗaki.

Bayan kusan awa biyu da rabi muka kai inda raƙumi ba ya wucewa. Daga nan saura matakala 750, masu tsayi, ba a daidaita su ba, wata ta kai gwiwa. Aka durƙusar da raƙumin Baba, ya sauko da ƙyar, ya dubi sama, ya dubi sandarsa. Ɗan jagora ya nuna masa wani fili a ƙasa kaɗan, ya ce nan ne aka ce dattawan Isra'ila saba'in suka tsaya lokacin da Musa ya wuce sama. Baba ya yi dariya ya ce, "Ashe an riga an ware mana wurinmu. Ku je ku dawo." Na ji tausayinsa, ya zo tun daga nesa ya ƙare a rabin hanya. Ganin Dala ba shiga birni ba, in ji zuciyata.

Na hau sauran ina haki, ina bin hasken tocilar wasu. A sama sanyi ya wuce misali, iska tana yanka kunne kamar reza. Mutane kuwa maƙil, ɗaruruwa, kowa ya lulluɓa da bargon haya, an cika kowane lungu. Akwai ƙaramin coci na jan dutse da aka gina a 1934 a kan kangon wani tsoho, ga ƙaramin masallaci kusa da shi. Na je na taɓa ƙofar cocin. A kulle take. A gefe akwai wani tsagi a dutse da ake cewa nan Allah ya ɓoye Musa ya rufe shi da hannunsa har ɗaukakarsa ta wuce. Wani ya shige ciki yana murmushi, matarsa tana ɗaukar hoto.

Na sami wani dutse na zauna, na rufe ido, na fara jawabin da na kwana ina shiryawa. Na tuna wa Allah shekaruna 19. Na tuna masa ban taɓa fashin sujada ba sai da ciwo, na lissafa yaran da suka bi ta hannuna, da kuɗin tafiyar nan da na daɗe ina tarawa. Na roƙe shi ya yi mini magana ko da kalma ɗaya. A hannun damana wata ƙungiya ta tayar da waƙa da wani harshe, a haguna wata ta tayar da tata da ƙarfi don kada a danne ta. Da rana ta leƙo daga bayan duwatsun gabas, aka ɗaga wayoyi sama gaba ɗaya, har da tafi. Kyau kam akwai shi, duwatsu suka tashi daga baƙi zuwa shuɗi zuwa ja kamar garwashi, layi bayan layi har iyakar gani. Na kalla, na yaba, zuciyata kuma tana nan yadda na zo da ita. Kafin minti ashirin wurin ya watse.

Na sauko ina jin kunya irin ta wanda ya ci ado ya je biki ya tarar ba a san da zuwansa ba.

Filin da muka bar Baba ana kiransa Kwarin Iliya. Wuri ne shimfiɗaɗɗe da duwatsu suka kewaye, da wata tsohuwar bishiya doguwa tsaye a tsakiya, da ɗan ɗakin sujada da aka gina a kan kogon da ake cewa annabi Iliya ya kwana. Yawancin masu saukowa ba sa tsayawa, suna sauri kafin rana ta yi zafi. Na tarar da Baba zaune a kan dutse, ya miƙe ƙafa yana shan hantsi.

Ya ce, "Sannu ɗana. Ka same shi a can?"

Na ce, "Baba, ƙofa a kulle na tarar."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce ai dattawan nan saba'in ba su kai sama ba, amma Fitowa 24 ta ce sun ga Allah na Isra'ila, bai kuwa hallaka su ba. Ya miƙo mini Littafinsa Mai Tsarki, wanda bangonsa ya sha ɗinki, ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan baƙaƙe da safe, in karanta masa labarin mai wurin.

Na buɗe 1 Sarakuna 19. Labari ne da na sani kamar yunwar cikina. Iliya ya gudu daga sarauniya Yezebel bayan abin da ya faru a Dutsen Karmel, ya zauna ƙarƙashin wani itace a jeji ya roƙi mutuwa, mala'ika ya tashe shi, ya yi tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb, wato Dutsen Sina'i. Aka yi iska mai farfasa duwatsu, aka yi girgizar ƙasa, aka yi wuta, Ubangiji ba ya cikin ko ɗaya, sai daga baya wata 'yar siririyar murya. Kullum a nan nake tsayawa in yi wa yara bayani. Ran nan da nake karantawa da ƙarfi, a hankali saboda kunnen tsoho, sai idona ya faɗa kan abin da na saba tsallakewa. Sau biyu Allah ya yi wa Iliya tambaya ɗaya, kafin iskar da bayan muryar: me kake yi a nan, Iliya? Sau biyu kuma Iliya ya ba da amsa ɗaya, kalma da kalma, yana lissafa irin kishin da ya yi wa Ubangiji da yadda ya rage shi kaɗai. Mutumin da tsoro ya koro, wanda ya ce a ɗauki ransa, an tambaye shi abin da ke damunsa, ya miƙa takardar aiki.

Muryata ta sarƙe. Baba bai tambaye ni komai ba, ya karɓi littafinsa, ya dogara sanda ya ce zai je ya duba bishiyar nan.

Shekara uku da suka wuce ƙanena ya rasu bayan jinyar wata biyar. Na yi azumi, na kwana a kan gwiwa, na riƙe kowane alkawari da na sani a Littafi. Ranar jana'iza ni na riƙa ba mutane haƙuri, ina cewa nufin Allah ne. Lahadin da ta biyo na shiga aji na koyar. Tun daga ranar ban taɓa ɗaga wa Allah maganar ba, ko sau ɗaya. Na ci gaba da gaishe shi safe da yamma cikin ladabi, yadda ake gaida maƙwabcin da aka yi ɓatacciya da shi ba a so unguwa ta sani. Ina ta cewa ya yi nisa, alhali ni na ja tabarmata gefe. Jama'ar da ke gindin wannan dutse a Fitowa 20 ma haka suka yi, suka tsaya daga nesa suka ce Musa ya je ya jiyo musu.

A kan dutsen nan da Baba ya tashi na zauna. Ban rufe ido ba, ban haɗa hannu ba. Na ce, "Na gaji. Kuma ina jin haushinka. Me ya sa ba ka bar mini shi ba?" Na kira sunan ƙanena, wanda na daɗe ban furta a addu'a ba. Kuka ya zo, irin mai fitowa daga ciki da ƙara, wanda ban yi ba ranar da aka binne shi. Ban ji murya ba, siririya ko babba, kuma ba a ba ni dalili ba. Sai dai shirun ya canza. Akwai shirun gidan da ba kowa, akwai kuma na wanda ya zo maka zaman makoki, ya zauna kusa da kai bai ce uffan ba. Na biyun na ji. Na daɗe a wurin har inuwar bishiyar ta matsa.

Baba ya koma ta hanyar raƙuma, ni na bi sauran matakala 3,000. Hanya ce mai tsaye ƙyam a cikin tsagin dutse, ba kowa sai ni da ƙarar takalmina. A tsakiya akwai wata ƙofar dutse mai baka, inda aka ce wani sufi mai suna Istifanas yakan zauna a ƙarni na 6, yana sauraron tuban masu hawa kafin ya bar su su wuce, da kalmomin Zabura 24 game da wanda ya isa ya hau tudun Ubangiji. Ni ta baya na bi ta cikinta, ina saukowa, abin ya ba ni dariya. Can ƙasa sai ga gidan sufayen ya bayyana tsakanin duwatsu, ɗan mitsitsi kamar akwatin ashana.

Da ka matso za ka ga ganuwa ce ta gaske. Sarkin Rumawa Justiniyan ne ya sa aka gina ta tsakanin 548 da 565, kuma tun lokacin ba a daina sujada a ciki ba. 'Yan awoyi kawai ake buɗe wa baƙi da safe, don haka cunkoso ya dawo. Aka nuna mana kurmin da ake dangantawa da wanda Musa ya gani yana cin wuta bai ƙone ba, rassansa sun zubo ta kan katanga, mutane na tsalle su tsinki ganye. A ɗakin ajiyar kayan tarihi na tsaya gaban wani zanen fuskar Yesu Almasihu na ƙarni na 6, wanda aka yi da launi haɗe da narkakken kakin zuma. Ɓangarorin fuskar biyu ba su yi daidai ba. Ido ɗaya a kwance yake, mai taushi, ɗayan kuwa girarsa a ɗage, kamar ya riga ya san abin da kake ɓoyewa. Na sa tafin hannu na rufe rabi na duba, na sake rufe ɗaya rabin, sannan na sauke hannu na bar su biyun suka dube ni, har mai gadi ya yi mini alama in ba na baya wuri.

A mota Baba ya riga ni zama, ya ajiye mini kujerar kusa da taga. Kafin mu fita daga kwarin barci ya kwashe shi, kansa a kafaɗata. Gwiwoyina suna ta rawa saboda matakalar nan, na dafe su da hannu biyu suka ƙi tsayawa. Na dubi dutsen ta taga yana ja da baya, na ce ƙasa-ƙasa don kada in tashe shi, "Ka dai ga abin da suka yi mini."