Siminti a Bangon Murjani

A tsohon garin Zanzibar, wanda ake kira Stone Town, na fara gane cewa gyara ma yakan kashe gini. Wani dattijon magini ya ƙwanƙwasa bangon da aka yaɓe da siminti, sai na ji yana amo kamar ganga. Ya ɓamɓare ɗan gutsure ya miƙo mini, ga ciki a jiƙe sharkaf, dutsen na marmashewa a tafin hannuna. Da dutsen murjani, wanda ake samu a teku, da farar ƙasa aka gina gidajen, ita kuwa farar ƙasa takan bar danshi ya fita. Siminti toshe shi yake yi, gishirin teku ya samu wurin zama yana cin bango ta ciki. Mai gidan kuma gani yake ya yi abin kirki.

Tun daga ranar, duk inda na ji an ce za a farfaɗo da tsohuwar tashar jiragen ruwa sai in tuna wannan bango. Asalin matsalar ba ɓoyayya ba ce. Bayan da aka fara dakon kaya a kwantena a 1956, manyan jirage suka koma inda ruwa ke da zurfi da fili, aka bar tsofaffin tashoshi da ɗakunan ajiya fayau. Masu kuɗi kuwa sun san darajar bakin ruwa.

Liverpool ta Ingila ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'adu, a 2004, aka cire ta a 2021 saboda sababbin gine-ginen bakin ruwa, har da filin ƙwallon Everton da aka cike tsohuwar madakatar jirage domin a gina. Ni ban ga laifin mutanen garin da ke neman aikin yi ba, tarihi ba ya biyan haya.

Venice ta Italiya, birnin da aka gina a kan ruwa, ita ce ta fi ba ni tausayi. An kafa mata ƙofofi 78 na tare ambaliya, suka fara aiki a 2020, a 2021 aka hana manyan jiragen 'yan yawon buɗe ido ratsa tsakiyarta. Amma mazauna tsohon garin, da suka kai kusan 175,000 a 1951, yanzu ba su cika 50,000 ba. Wa aka tare wa ruwan?

Shi ya sa idan na ga zanen sabon bakin ruwa, fitilu da otal-otal ba sa ɗaukar hankalina. Nakan duba inda masunci zai ɗaure kwalekwalensa, da inda makanikin injinsa zai samu rumfar da zai iya biya. Sau da yawa ba na samu.