Abin da aikin Johnson na Kerala ke koya wa mai sa wa fim kiɗa

Masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa sun fi sanin na Bombay, amma wanda ke son koyon yadda ake shimfiɗa kiɗa a ƙarƙashin labari, Kerala ya kamata ya leƙa, can kudu maso yammacin Indiya inda ake yin fim da harshen Malayalam. A can Johnson, mai tsara kiɗan fim, ya yi zamaninsa. An haife shi a Thrissur a 1953, ya rasu a Chennai a 2011, kuma har gobe mutanensa da laƙabin malami suke kiran sa.

A ƙungiyar mawaƙan coci ya fara, yana yaro, ya iya harmoniyam, ya ƙara da jita da sarewa. A 1974 ya tafi Madras, wato Chennai ta yau, ya zauna a hannun shahararren mai tsara kiɗan fim G. Devarajan yana yi masa hidimar tsara kiɗa da jan ragamar makaɗa. Sai a 1978 ya sami fim nasa na kansa, Aaravam na darakta Bharathan, shi ma kiɗan ƙarƙashi aka ba shi. Waƙoƙi sun biyo baya ne a 1981. Wannan jerin shi ne darasin farko: ya san abin da kowane kayan kiɗa zai iya ɗauka kafin ya fara umartar masu riƙe da shi.

A wancan lokaci ana haska fim da majigi a situdiyo, makaɗa na zaune, ana naɗa kai tsaye. Faifai ɗaya mai ƙafa 1,000 yana cin kusan minti 11, hotuna 24 na wucewa a kowace daƙiƙa. Mai goge ɗaya ya kuskure, kowa ya koma farko. Don haka lissafi ake fara yi. A ce fitowa tana da daƙiƙa 40, an zaɓi bugu 120 a minti: bugu biyu ke nan a daƙiƙa, hotuna 12 a kowane bugu, jimla bugu 80. To idan mai tace hoto ya dawo daga baya ya yanke hotuna 36, ya ɗauke bugu uku cif. Sautin da aka shirya ya faɗo daidai lokacin da jaruma ta waiwayo sai ya zo bayan ta riga ta juya baya. Gyaran biyu ne: ko a cire bugu ukun daga tsakiya inda kunne ba zai lura ba, ko a ƙara saurin zuwa kusan 125. Yau kwamfuta ke yin wannan lissafi, amma matsalar na nan daram. Kada mai kiɗa ya yarda ya fara aiki sai an tabbatar masa an gama yanka.

Inda Johnson ya yi zarra shi ne ƙarancin abin da yake zubawa. A fim ɗin Thoovanathumbikal na darakta Padmarajan, 1987, ɗan gajeren amo guda ya ɗaura wa Clara, ɗaya daga cikin matan labarin, da ruwan sama, yana dawo da shi duk sanda ta shigo labarin ko ta faɗo wa jarumin a rai. Kafin fim ya yi nisa, mai kallo ya haddace, da jin farkonsa ya san wadda ake nufi. Da ya canza amo a kowace fitowa, da ba abin da zai zauna a ƙwaƙwalwa. Haka a Manichitrathazhu na 1993, inda waƙoƙin na M. G. Radhakrishnan ne, shi kuma ya riƙe kiɗan ƙarƙashi, tsoron yakan taso ne daga kayan kiɗa ƙalilan da kuma wuraren da aka bari fayau. Kiɗan ƙarƙashi kamar gishiri yake a miya, in har aka ji shi shi kaɗai to ya yi yawa.

Akwai kuma dalili na kunne zalla. Sarewa da goge mai siririn sauti suna zama ne a yankin da muryar mutum take. Aka sake su a kan magana, sai su cinye baƙaƙen, mai haɗa sauti ya rage kiɗan har ya zama ba amfani. Mafita ita ce a ƙarƙashin magana a ajiye sauti mai kauri, mai jan numfashi, a bar sarewa ta shigo a giɓin da ke tsakanin jimla da jimla, ta fice kafin a buɗe baki.

Ta fannin waƙa, ubangidansa Devarajan ya shahara da karɓar baituka tukun sannan ya ɗora amo, kuma ana jin wannan tarbiyya a waƙoƙin Johnson. Malayalam na bambanta dogon wasali da gajere, yadda Hausa ke yi, saboda haka amon da ya ja gajeriyar gaɓa na iya lalata kalma. Masu buga fiyano a situdiyoyin Kano sun san wannan ciwo, ga kuma karin sauti da Hausa ta ƙara musu a kai. A karanta baitin da baki sau da yawa, a ja layi a ƙarƙashin gaɓoɓi masu nauyi, dogayen sautuka su sauka a kansu.

Sau biyu a jere ya karɓi lambar yabo ta ƙasar Indiya, a kan Ponthan Mada da Sukrutham, kuma duka biyun saboda kiɗan ƙarƙashi ne.