Wasiƙa daga Arkansas: maƙeran da ake yi wa layi na shekaru

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena da yayyena da ƙannena na gida, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kowa yana lafiya. Ya iyali, ya haƙuri da zamani? Mu nan sai godiya. Sanyi ya fara saukowa daga duwatsun Ozark, ganyen itatuwa duk ya yi ja.

Na san batun da na ɗauko yau yana da nauyi a kunne. Wanda yake da dangi a Zamfara ko Katsina ko gabashin Sakkwato, in aka ce masa bindiga, kuka da kuɗin fansa ne ke faɗo masa a rai, kuma ni ma ina da nawa dangin a can. Duk da haka ina roƙon ku saurare ni, domin sana'ar hannu na gani a ƙasar nan wadda ta tsaya mini a zuciya, wato ƙirar ƙananan bindigogi da hannu. Aikina a masana'antar yanka ƙarfe yake, inda inji mai kwamfuta ke fitar da abu ɗari iri ɗaya kafin azahar, shi ya sa idona ba ya wuce mutumin da har yanzu yake cin abinci da magagari.

A arewacin jihar nan akwai wani ɗan gari mai suna Berryville, mutanensa ba su kai 6,000 ba, amma duk mai sha'awar ƙananan bindigogi a Amurka ya san shi. A can ne Bill Wilson, wanda asalinsa mai gyaran agogo ne, ya fara gyara wa mutane fistol, wato ƙaramar bindigar hannu, a 1977, har abin ya zama kamfanin Wilson Combat. A 2004 wasu da suka yi aiki a wurinsa suka buɗe nasu, Nighthawk Custom, a garin dai. Ƙa'idar waɗannan na biyun ita ce maƙeri ɗaya ne zai ɗauki bindiga ɗaya tun daga farko har ƙarshe, in ya gama ya buga haruffan sunansa a jikinta. Mafi yawan abin da suke ƙerawa kuwa samfuri ne da ya haura shekara ɗari, wanda kowa a nan yake kira 1911.

Mai ƙirƙirarta shi ne John Moses Browning, ɗan garin Ogden a jihar Utah, wanda aka haifa a 1855 a gidan maƙerin bindiga. Sojan Amurka sun karɓe ta ranar 29 ga Maris 1911, bayan gwajin da aka harba harsashi 6,000 da guda ɗaya ba ta cije ba. Irin bindigar nan ce da duk danna kunama ɗaya harsashi ɗaya ke fita, sai ƙarfin turin ya mayar da marfin sama baya, ya tofar da kwanso, ya ɗora wani. Harsashi bakwai take ci, masu kauri. Dalilin kaurin ma yana cikin tarihinta, kuma ba na son in tsallake shi: a yaƙin da Amurka ta yi a kudancin Filifin da al'ummar Moro, waɗanda Musulmi ne masu kare ƙasarsu, sojoji sun koka cewa ƙaramin harsashin da suke da shi ba ya tsayar da mutum. Daga wannan koken aka nemi mafi girma.

Ta yi yaƙin duniya biyu, ta yi na Koriya da na Biyetnam, sai a 1985 sojan Amurka suka sauya ta da wata fistol ƙirar kamfanin Beretta. A yaƙin duniya na biyu buƙata ta yi yawa har aka ba kamfanonin da ba su da alaƙa da makami kwangila. Remington Rand mai yin tafireta ya fi kowa ƙerawa. Singer, wato mai keken ɗinkin nan da kakanninmu suka sani, ya yi guda 500 kacal, yau kuma ɗaya daga cikinsu ta fi gida tsada a wasu garuruwan.

Bayan yaƙi sai tsofaffin bindigogin soja suka cika kasuwa da araha. An yi su ne da sako-sako da gangan, don ko laka ta shiga su ci gaba da aiki, in ka girgiza ɗaya sai ka ji tana ƙwaram-ƙwaram. Masu gasar harbi kuwa suna son wadda za ta sa harsashi kan harsashi. Nan sana'ar ta samo asali. A Kalifoniya wani maƙeri mai suna Armand Swenson ya riƙa matse sassanta su zauna daram, yana mayar da zoben da ke kare kunama mai kusurwa, yana ciro abin saiti daga wata bindigar Smith & Wesson ya dasa mata, yana sassaƙa mariƙinta da hannu. Shagon Pachmayr na Los Angeles ya fito da nasa salon mai launi biyu, ƙasa fari sama baƙi. Da aka kafa ƙungiyar gasar harbi ta IPSC a 1976 ƙarƙashin Jeff Cooper, sai kasuwar ta buɗe sosai.

Sannan roba ta zo. A farkon shekarun 1980 Gaston Glock na Ostiriya ya fito da bindiga mai gangar jikin roba, mara nauyi, mai cin harsashi 17, mai araha, wadda ba ta buƙatar hannun gwani. 'Yan sandan Amurka suka koma mata. A lissafi, da tuni 1911 ta shiga gidan tarihi. Amma yau mutum zai sayi ta roba a kan dala 500 ko 600, ya kuma je ya ajiye dala 4,000 ko fiye don a ƙera masa 1911 da za ta yi kama da ta zamanin kakansa, ya zauna jira. Manyan maƙeran da ke aiki su kaɗai, wasunsu sai an yi shekaru a layi, wasu ma sun rufe littafin karɓar aiki.

Akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga masana'antarmu, yana da lasisi da ɗan shago a bayan gidansa. Nakan je in zauna in yi kallo, shi kuma ba ya ƙosawa da tambaya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sassaƙar gaban mariƙi, wurin da yatsu ke kamawa. Yakan ɗaure gangar jikin a ƙarfen matsi, ya sa gilashin ƙara girma a goshi, ya ja layin farko da magagari mai haƙora jere. Layi 30 ne a kowane inci, a kan ƙarfe mai lanƙwasa. In ya gama na tsaye sai ya bi na kwance, su haɗu su ba da 'yan murabba'ai. Daga nan sai ya ɗauko siririn magagari mai kusurwa uku, ya bi kowane kwari a hankali har kan kowane murabba'i ya yi tsini. Ba ya magana a lokacin, rediyo ma kashewa yake yi. Numfashinsa kawai kake ji da ƙarar ƙarfe, sai can ya hure garin ya karkata aikin wajen fitila. Hannu ya goce sau ɗaya, layi ya hau layi, an ɓata ƙarfen da ya ci ɗaruruwan dala. Inji yana yin wannan a cikin mintoci, kuma na san haka domin irin injin nake tuƙawa. Na faɗa masa, sai ya miƙo mini guda biyu ya ce, “Ɗana, rufe ido ka shafa.” Na inji ya fi daidaito, ba musu. Na hannun ya fi kama fata, kuma ya bi lanƙwasar ƙarfen har gefe, inda inji ke tsayawa. Wanda ya taɓa riƙe babbar riga mai aikin allura da mai aikin keke a lokaci ɗaya ya san bambancin da nake nufi.

Launin ma aikin haƙuri ne. Baƙin nan mai sheƙin shuɗi da ake gani a tsofaffin bindigogin kamfanin Colt ba fenti ba ne, fuskar ƙarfen ce da kanta ake sauya wa launi. A wata tsohuwar hanya, ana barin ƙarfen ya yi tsatsa mai laushi, a dafa shi a ruwa tsatsar ta koma baƙa, a goge, a sake, har launin ya zauna. Dattijon ya ce duk asirin yana wajen gugar da ake yi kafin nan. Da sanfefa a naɗe a kan katako mai lebur yake yi, daga mai kaushi zuwa mai laushi, don kada kusurwoyi su mutu, kada kuma rubutun kamfani ya shafe. Maƙeri mai gaggawa yakan kai ta kan injin guga, ta fito da ƙyalli amma duk gefunanta sun narke, masana kuma daga nesa suke ganewa. A jihar New York akwai shagon Doug Turnbull da ya yi suna wajen farfaɗo da wata dabara ta da, inda ake rufe ƙarfe da gawayin ƙashi da na itace a gasa shi, a tsoma a ruwa, ya fito da ɗigon shuɗi da ruwan ƙasa da toka, kowane da irin zanensa.

Sauran adon ba su da yawa, da gangan. Ɗan ɗigon zinariya a kan abin saiti na gaba. Mariƙin katakon walnat mai zanen lu'ulu'u biyu, irin na farkon ƙarni na 20. A da masu hali hauren giwa suke sawa, kuma giwayen nahiyarmu ne suka biya kuɗin wannan ƙawar. Tun 2016 Amurka ta kusan haramta cinikinsa gaba ɗaya, ni kuwa na ji daɗin hakan.

Ba 1911 kaɗai ake yi wa wannan hidima ba. Browning ya rasu a Beljiyam a 1926 yana tsakiyar ƙirar wata fistol a kamfanin makamai na FN, abokin aikinsa Dieudonné Saive ya ƙarasa, ta fito a 1935 da sunan Hi-Power, mai cin harsashi 13. Sojojin ƙasashe da dama sun riƙe ta, har da na Ingila. Da FN ya daina yin ta wajen 2018, sai sha'awarta ta tashi: kamfanin Springfield Armory na Amurka ya fito da tasa a 2021, kamfanonin Turkiyya ma suka shigo, maƙera kuma suka samu sabon abin yi.

Akwai abu biyu a harkar da ba na so. Na farko, wasu na ɗaukar tsohuwar bindigar soja da ta tsira daga yaƙi lafiya, su yanke ta su huda ta don ado. Swenson ya yi haka a lokacin da suke birjik, ba wanda ya san za su yi wuya. Yau ba uzuri, tunda ga sababbin gangar jiki nan ana sayarwa. Na biyu ya fi ba ni haushi: a ƙera sabuwa fil, sannan a bi ta da sanfefa a kankare gefunanta don ta yi kamar ta sha wuya. Wannan sayar da tarihin da ba a yi ba ne. Dattijon nan ba ya karɓar irin aikin.

Kada kuma ƙyallin ya rufe mana ido. Duk wanda zai yi wannan sana'a a nan sai ya samu lasisin gwamnatin tarayya a ƙarƙashin dokar 1968. Dattijon yana da littafi, duk bindigar da ta kwana a shagonsa sai an rubuta lambarta da sunan mai ita da ranar shiga da ta fita, jami'ai kuma suna da ikon zuwa su duba. Da duk wannan tsari, hukumar lafiya ta CDC ta ƙirga mutum 48,830 da bindiga ta kashe a Amurka a 2021, fiye da rabinsu su ne suka kashe kansu. Yaran maƙwabtana ana koya musu a makaranta inda za su ɓuya in mai harbi ya shigo. Don haka in na ji wani a gida yana cewa a sakar wa kowa bindiga kamar Amurka, gabana faɗuwa yake yi. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol cikin waɗanda ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa, kuma ban zo neman a sassauta ba. Maƙerin da ke haɗa wa ɓarayin daji makami a ɓoye ba shi da wata alaƙa da mutanen da nake ba ku labari.

Wanda yake da alaƙa da su shi ne maƙerin da ke kula da bindigogin toka na 'yan bindigar sarki, waɗanda ke tashin hayaƙi ranar hawan Sallah a Kano da Katsina da Zazzau. Su ma tsohon samfuri ne da aka riƙe don martaba bayan zamaninsa ya wuce, kuma akwai hannun da ke gyara kunamarsu, yana ɗaure ƙotarsu in ta tsage. Na sha kallon hawan tun ina yaro, ban taɓa jin an ambaci sunan ɗayansu ba. A nan kuwa ana gane aikin Swenson daga hoto, ana koyar da ƙirar bindiga a kwalejin garin Trinidad ta jihar Colorado tun 1947, dattijon nan ma akwai wata yarinya da ta gama can take zuwa koyon sassaƙa a wurinsa ranar Asabar.

In akwai mai karanta wannan da ya fito daga gidan ƙira, ko ya san dattijon da ke gyara bindigogin fada, don Allah ya zauna da shi ya tambaye shi wa ya koya masa, da wane ƙarfe yake aiki, yaya ake yi kafin zuwan walda. A rubuta, a ɗauki hoton kayan aikinsa da izininsa. Ina son in karanta, kuma na yi wa dattijonmu na nan Arkansas alkawarin zan fassara masa.

A gaida kowa da kowa. Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu.

Wassalam,
ɗan'uwanku a Arkansas.