A Saman Tama, Daga Shum Zuwa Nuwadibu

Ziyarar malamai ce ta kai ni Muritaniya, jirgin ƙasa ba ya cikin lissafina. Amma tun a Nuwakshot, babban birnin ƙasar, duk wanda ya ji arewa na nufa sai ya ce kada in kuskura in koma gida ban hau jirgin tama ba, wato jirgin ƙasan da ke dakon tamar ƙarfe.

Hanyar Atar, wani gari a arewacin ƙasar, babu abin faɗi sai shingayen bincike. A can baƙo yakan tanadi takardu masu ɗauke da bayanan fasfonsa, ya miƙa ɗaya a kowane shinge a wuce. A wani shingen kuwa, jami'in yana ganin koren fasfo ya sauke ni ni kaɗai, ya zazzage jakata a kan yashi har da littattafan da na sayo, yana tambaya ko teku zan tsallaka zuwa Turai. Ya bar ni tsaye a rana ya koma inuwa. Sai da wata dattijuwa ta leƙo ta tagar mota ta yi masa tas da harshensu, sannan ya cillo mini fasfon. A hanyoyinmu kuɗi ake nema. Wannan ko sisi bai nema ba, kuma wallahi da ya nema da ya fi mini sauƙi.

A kasuwar Atar na sayi rawani da bargo, don an ce in babu su kada in hau. Mai rawanin ya ce 3,000. Tun 2018 aka canza kuɗinsu, ugiya goma ta da ta koma ɗaya, amma har gobe 'yan kasuwa da tsohon lissafi suke magana, wato 300 yake nufi. Muka ja, ya rage, ya kuma naɗa mini shi da hannunsa, ido kaɗai ya bari a waje. Naman raƙumi da araha. Tumatir da albasa kuwa, mutumin Kano in ya ji kuɗinsu sai ya riƙe baki.

Daga Atar na wuce Shum, inda zan hau jirgin. Ɗan ƙauye ne a gefen dogo, ba dandamali, ba allon lokaci. Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ya gan ni zaune a kan jaka, ya ce, “Ɗana, jirgin nan ba a jiransa a rana. Taso.” Ya kai ni gidansa, aka kawo nonon raƙumi da aka sirka da ruwa da sukari, sannan shinkafa da nama, sannan shayi zagaye uku. Da na zaro kuɗi sai fuskarsa ta canza, na mayar da sauri na ce, “Baba, a yi haƙuri, Allah ya saka da alheri.”

Shi ya buɗe mini ido a kan kan jirgin. Ya ce injin dizal ɗin ba shi ke juya ƙafafu ba. Aikinsa ya juya wani ƙaton janareta, wutar ta sauka zuwa injinan lantarki shida da ke ƙasa, kowane yana juya ƙafa biyu. Shi ya sa yake iya fizgar kaya mai nauyin gaske daga tsaye ba tare da giya ba. Sababbin da suke ji da su sunansu SD70ACS, ƙirar kamfanin EMD na Amurka, mai silinda 16 da ƙarfin doki 4,500, kuma don hamada aka ƙera su, irinsu ne ke aiki a Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Abokin gabar inji a nan yashi ne. Don haka aka yi musu matatar iska mai kakkaɓe kanta, da ƙarafa a gaban ƙafafu masu share yashin da ya hau dogo. Shi kansa, in ji shi, rabin rayuwarsa a kwashe yashi daga kan layi ta ƙare. Yana faɗa yana nuna mini tafin hannunsa, duk kanta.

Bayan la'asar muka fara jin ƙasa tana rawa. Fitila ta ɓullo daga nesa, sai ga kawuna uku a jere suna gurnani, zafi na tashi daga samansu. Suka wuce mu, taragu suka yi ta bi, har kawunan suka ɓace wa ido wutsiyar ba ta iso ba. Jirgin kan kai tarago 200, tsawonsa ya haura kilomita biyu, kowane tarago kuma yana ɗaukar tama har tan 84. Na yi lissafi a raina: kusan tan 17,000 ke nan, tirela fiye da 500 in kowace ta ɗauki tan 30. Na tuna ramukan hanyar Kaduna zuwa Zariya a shekarun baya, da irin tirelolin da ke kwana a kanta.

Tsayuwar ba ta da tsawo. Akwai taragon fasinja ɗaya a can baya na masu biya, amma a lokacin saman tama kyauta ne. Na bi wani makiyayi da ɗansa, muka miƙa raguna huɗu sama, muka haura tsani. Da jirgin zai tashi, wata ƙara ta taso daga gaba tana bin taragu ɗaya bayan ɗaya kamar aradu, makiyayin ya ce in zauna maza, sai ga fizgar ta iso mu. Yaron ya tone rami a tamar, ya hura gawayi, ya ɗora shayi. Kafin duhu muka ga dutsen Ben Amera tsaye shi kaɗai a fili. Aka kuma ja mini kunne cewa ko jirgi ya tsaya kada in yi yawo arewa da dogo, akwai nakiyoyin da suka rage tun yaƙin Yammacin Sahara.

Sanyin dare ba a magana, ƙura kuma har cikin haƙora. Amma abin da ya hana ni barci tunani ne. Tun 1963 layin nan mai kilomita 704 yake sauke tama daga Zuwerat, inda ake haƙo ta, zuwa teku, kamfanin SNIM na gwamnati ke tafiyar da shi, kuma shi ke kai wa ƙauyukan gefen dogo ruwan sha a tankuna. Mu ma muna da tama a Itakpe, an kuma shimfiɗa mata layi ta Ajakuta zuwa Warri, amma yau da fasinja aka fi saninsa. Raina ya sosu ƙwarai. Allah ya sa layin Kano zuwa Maraɗi ya samu masu kula irin dattijon Shum.

Da hantsi muka shiga Nuwadibu, garin bakin teku inda layin ya ƙare, iskar teku tana kaɗawa. Na sauka, na taya makiyayin sauke ragunansa, muka yi sallama. Wanka, soyayyen kifi mai arahar da ban taɓa gani ba, barci. Washegari na hau motar Nuwakshot.