Wasiƙa daga Amurka: katin da wani Bayahude ya miƙo min a tasi

Assalamu alaikum ƴan uwa na gida, ya zafi? Mu nan sanyi ne ke neman hallaka mu.

Kun san tasi nake ja a New York. To akwai wani dattijo Bayahude da nake ɗauka duk Alhamis a unguwar Crown Heights, baƙar malfa, gemu har ƙirji, in ba don malfar ba sai ka rantse malamin zaure ne. Rannan zai sauka ya miƙo min ɗan kati mai hoton bakan gizo, wai dokoki bakwai ne na ƴaƴan Annabi Nuhu. Su Yahudawa umarni 613 ne a kansu, sauran mutane kuma bakwan nan ne, tunda bayan ruwan Ɗufana kowa daga tsatson Nuhu ya fito. Na karɓa dai don kar in gwale shi.

Da dare ina shan shayi na duba. Ban da bautar gumaka, ban da zagin Allah, ban da kisan kai, zina, sata, kar a yanki naman dabba a ci alhali tana da rai, sannan a kafa kotu. Nace yo ai wannan ko kakata da ba ta taɓa shiga aji ba ta san su.

Karambani ya sa na buɗe Attaurar tasu a waya, littafin Farawa sura ta 9 inda aka ƙulla alkawari da Nuhu, sai na tarar bakwan ba su nan a jere, biyu kawai na gani ƙarara, maganar nama da jini da kuma zubar da jinin mutum. Da Alhamis ta zagayo nace baba ina sauran biyar ɗin? Yayi dariya yace Attaura biyu gare su, rubutacciya da ta baka, kuma ta bakan ce ke buɗe rubutacciyar.

Nan fa na gyara zama. Ashe ɗaruruwan shekaru haddace ta suke yi daga malami zuwa ɗalibi, sai bayan da Rumawa suka rushe haikalinsu na Ƙudus a shekara ta 70, jama'a ta watse, wajen shekara ta 200 wani babban malaminsu Yahuda Hanasi ya tattara ta a Galili, sunanta Mishna, ma'anar kalmar maimaitawa, wato tilawa kenan fa irin ta tsangaya. Har mahaddata na musamman suke da su, tanna ake ce musu, aikinsu su kawo karatun da ka in malami ya nema, ni dai gardawan garinmu na tuna. Jerin bakwan yana cikin wani kundi Tosefta, sannan Talmud na Babila (Iraƙi ta yau), babban kundinsu na sharhin Mishna, a babin Sanhedrin.

Har salsala gare su, daga Musa zuwa Yusha'u, zuwa dattawa, zuwa annabawa, zuwa mutanen babbar majalisa. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi zai ji ƙamshin isnadi. Kuma ba kowa ya yarda ba, wata ƙungiyar Yahudawa, Sadukiyawa, tun da can suka ce su rubutacce kawai suka sani, daga baya ma wata ƙungiyarsu, Ƙara'iyawa, suka taso da wannan ra'ayi, irin gardamar nan dai kun san ta a gida.

Ba wa'azi nake ba, kar wani ya ce Amurka ta juya min kai, addinina na nan daram. Amma doka ta bakwai ɗin nan ta tsaya min a rai, shida duk kar ka yi ne, ita kaɗai ce aiki, a naɗa alƙalai su raba gardama.

Yaya Babba, wai ya aka ƙare da shari'ar gonar baba? Bana shekara shida kenan, an ce watan jiya ma ɗage zaman aka sake yi. Ka kira ni bayan isha'inku. A gaida su Inna.