Faifan roba kafin ganga

Sana'ata koyar da kiɗa ce, irin jerin gangunan nan da ake zama a kaɗa da sanda biyu. Ɗakuna biyu gare ni da mataimaki ɗaya. Duk wanda ya zo koyo, makonni biyun farko ba ya taɓa ganga, faifan roba nake ajiye masa a gaba. Wannan tsari ya sha kore mini ɗalibai, wani ma ya nemi in mayar masa da kuɗinsa, na mayar. Har yau ban canza ba, domin na san abin da matse sanda ya yi wa wuyan hannuna ina matashi: sai da na yi watanni ban kaɗa ba.

Abin farko shi ne riƙo. Babban yatsa da manuni su kama sandar wajen kashi ɗaya cikin uku daga gindinta, sauran yatsun su rufa a kai ba tare da matsi ba. Sai in ce masa ya jefa kan sandar ƙasa, ya bar robar ta dawo masa da ita. Nan ake shan fama. Sabon hannu yana bugawa ne kuma ya ɗago da ƙarfinsa, aiki biyu ke nan a inda ɗaya ya isa. Ranar da ɗalibi ya ji sandar ta dawo da kanta, a fuskarsa nake gani tun kafin ya yi magana.

Daga nan sai bugu takwas da hagu, takwas da dama, na'urar ƙidaya tana kan 60 a minti. Hagun yawancin mutane malalaci ne, don haka da shi muke farawa. Sai bugu bibbiyu da kowane hannu, inda na biyun ke son mutuwa, kuma nakan sa a ƙarfafa shi da gangan har su yi kai ɗaya. Sai faradidil: dama hagu dama dama, hagu dama hagu hagu. Yana cikin ginshiƙan bugu 40 da ƙungiyar makaɗa ta Amurka, PAS, ta jera a 1984, amma ni uku ɗin nan sun ishi mai koyo wata shida.

Inda na fi daɗewa da su shi ne yawan ɗaga sanda sama kafin bugu. Bugu mai ƙarfi ya taso daga sama, mai taushi kuwa daga kamar faɗin yatsu biyu a kan robar. Ɗaya mai ƙarfi, uku masu taushi, kuma bayan mai ƙarfin dole a tsayar da sandar a ƙasa, kada ta yi tsalle. Kowa na iya dukan ganga har a ji a waje. Wanda zai kaɗa a hankali kuma kowane bugu ya fito sarai, shi mawaƙa ke sake kira, kuma irinsa nake son a ce daga wurina ya fito.

Matashin kai ma yana da amfani in aka kaɗa a kansa, tunda ba ya dawo da sanda, wuyan hannu ke yin aikin duka. Minti biyar kawai nake yarda, da an ji zafi a daina. Nakan ɗauki sautin ɗalibi a waya ranar farko, in kunna masa bayan wata guda, mu zauna mu ƙirga inda hagu ke makara.